Kada Ki Zuba Albasa a Akwatin Gilashin Nan

Narayi, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ku Bukuru lafiya, ke da mijinki Danjuma da ɗan da ke cikinki, ya tsare ku daga direba mai gaggawa da tayar da ta gaji. Wasiƙar nan na cusa ta a jakarki ta hannu, a aljihun da kike ajiye katin awo, don na san nan kam za ki duba kafin mako ya ƙare. Za ki yi mamaki a ce muna gida ɗaya, ƙofar ɗakina na kallon taki, amma sai da na nemi takarda da biro. Kin san ni dai. A gaban allo ina iya magana minti arba'in ban tsaya ba, a gida kuwa in na buɗe baki abin da ke fita gajere ne, kuma yawanci mai kaifi.

Ranar Lahadi muna cin abinci kika ce gidan da aka ba Danjuma a wurin aiki, Baturen da ya zauna ciki a da ya bar wani akwatin gilashi na kifi a falo, ko tsaga ɗaya babu, kuma kin ga zai yi kyau da ajiyar albasa. Babanki ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na lura ne da cewa kin faɗi maganar kina kallon farantinki, kin ba namu akwatin baya, kamar yadda kike zama shekara biyar ke nan. Washegari ƙanwata Saratu ta same ni a kicin ta gaya mini abin da kika ce mata a hanyar asibiti: wai kina tsoron ranar da za a miƙo miki jaririn, saboda Mama ta taɓa cewa hannunki ba ya riƙe abu mai rai.

Saratu ta ce, "Yaya, ke da bakin nan naki. Kin tuna kin faɗa?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "To?"

Na ci gaba da yanka alayyafo. Wasiƙar nan ita ce amsar da ban ba Saratu ba, amma sai kin yi haƙuri, don ta wajen akwatin zan ɓullo. Ban san wata hanya ba.

Namu, in kin tuna, Babanki ne ya shigo da shi shekarar da ya fara aiki a matatar mai ta wajen Rido, lokacin da kowane magidanci a unguwar nan ke sayen duk abin da ke da waya da soket. Ya zo da ɗan inji mai hura iska, da fitila, da tsakuwa shuɗiya kamar alewa, da ciyawar roba, da jajayen kifaye na ƙasar waje masu jela kamar rigar amarya. Mutane kan biyo mu daga coci don su gani. Sai aka fara ɗauke wuta, yau wuni, gobe kwana biyu. In inji ya tsaya, kifayen su taso sama suna buɗe baki suna kallon Babanki, shi kuma yana kallon ƙwan lantarki. Wani mako aka yi kwana huɗu babu wuta, shi ke nan. Muka zubar da ruwan. Shekara biyu akwatin na ajiye mini takardun jarrabawar ɗalibai da katunan biki da kaset ɗin da suka lalace. Kin ga ba ni da bakin raina albasarki.

Abin da ya mai da hankalina kansa, wata rana na kai 'yan aji huɗu rafin bayan Narayi neman talibambam. Muka samu wani ɗan gurbi, ruwa garau, ciyayi na kaɗawa a ƙasa, ƙananan kifaye na zirga-zirga kamar ranar kasuwa. Na tsaya ina kallo har ɗalibai suka fara tura juna cikin ruwa. Tambayar da ta zo mini ta kunyata ni: su waɗannan wa ke kunna musu inji? Na san amsar. Shekara goma ina zana ta a allo da kibiyoyi: ganye ya sha haske ya saki iska, kifi ya shaƙa, abin da kifi ya fitar kuma ganye ya ci. Na ci jarrabawa da wannan a jami'a, na kayar da yara da yawa da shi. Bai taɓa zuwa raina ba cewa kibiyoyin nan za su yi aiki a falona. Tun ranar nake son in gani da idona ko gaskiya nake koyarwa.

Na fara da wanki, tunda 'yar fasto ce ni, an rene ni a kan cewa abin da bai yi ƙamshin sabulu ba yana da zunubi. Na zazzaga garin sabulu, na dirje kowane lungu, na ɗauraye sau biyu, na cika ruwa, na saki talibambam uku da 'yan katantanwa don gwaji. Kafin azahar duk sun kwanta. Maman Terna, maƙwabciyarmu 'yar Binuwai mai sayar da bandar kifi a kasuwar unguwar Television, ta leƙo ta katanga ta ga ina tsamo su da cokali.

Ta ce, "Madam, da me kika wanke?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Eyya. Ke a makarantarku ana wanke kogi da sabulu?"

Sabulu yakan maƙale a bakin gam ɗin da ya haɗa gilashin, kuma ɗan abin da hancinki ba zai ji ba ya ishe su. Don haka naki, ruwan ɗumi da gishiri kawai. Farin tabon da tsohon ruwa ya bari, ki goga masa lemon tsami ki kankare da sabuwar reza. Bokiti da soson da za ki yi aiki da su, su zama nasa shi kaɗai, kada su taɓa ganin wanke-wanke. Sannan kafin ya shiga falo, Danjuma ya fitar da shi baranda, ku ɗora a kan tsohuwar jarida ku cika shi ya kwana biyu. In jaridar ta jiƙe, gara ki sani a baranda. Ke dai kada ki ɗaga shi, ko da babu komai ciki. Teburin da zai zauna a kai, ki sa Danjuma ya hau ya zauna tukuna. In ya yi ƙara, a nemi wani.

Sai ƙasa. A nan ilimina ya yi mini aiki sosai. Na ce tsiro na son taki, na je bayan gida inda Babanki ke zuba kashin kaji da takin zamani wa masararsa, na ɗebo mai kyau, baƙa wuluk, na shimfiɗa kauri kamar katifa. Kwana huɗu Babanki ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa yana jan hanci.

Ya ce, "Malama, ɓera ne ya mutu, ko binciken ne ya nuna?"

Na ce bincike ne.

Ya ce, "To a yi masa jana'iza kafin Lahadi, muna da baƙi."

Abin da ke ciyar da masara a fili, in aka kulle shi cikin ruwa ruɓewa yake yi. Ki nemi ƙasa marar gata, irin ta bakin rafi inda ba a noma, ki tsince itace da ganye, ki shimfiɗa kaurin yatsa ɗaya. Ki rufe ta da yashin kogi kaurin yatsa biyu zuwa uku. Yashin ki wanke shi a bokiti har sai ruwan ya fita fari, zai kai ki gajiya, ki ƙara sau biyu bayan kin gaji. In za ki zuba ruwa, ki kife faranti a kan yashin ki riƙa zubawa a kansa a hankali, in ba haka ba ƙasar za ta taso ki koma farko. Ruwan famfo kuma a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana biyu, warin maganin da ake sa masa ya fita. Wannan ɗaya kam ban yi kuskurensa ba, kuma ba don wayo ba: famfonmu ne ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, duk ruwan gidan nan kwananne ne.

Tsiron da na fara sakawa daga tukwanen furen baranda na ciro su. Na zaɓi masu kyan ganye, waɗanda na ga suna son ban-ruwa, na ce tunda suna son ruwa bari in ba su iyakarsa. Mako guda suna tsaye kyawawa, har na kira matar fasto ta gani. Ashe nutsewa suke yi a hankali. Mako na biyu suka zama kamar yauƙin kuɓewa. Na daɗe ina tunanin wannan. Abu na iya tsayawa a gabanki shar da shi alhali ya riga ya fara mutuwa, ke kuma kina karɓar yabo a kansa. Ki shuka abin da kika samu yana rayuwa a ƙarƙashin ruwa da kansa, ba wanda kike ganin ya kamata ya iya ba.

Iri uku ne suka zauna mini, duk daga rafin nan. Akwai mai dogon ganye siriri kamar zaren kaset da ya warware. Shi ana binne saiwarsa kawai, a bar wuyansa a waje, in ya ji daɗi sai ya riƙa aika 'ya'ya ta ƙarƙashin yashi su ɓullo can gefe. Akwai mai laushi kamar jelar kyanwa, ba shi da saiwa sam, ki sake shi ya yi yawonsa. Sai kainuwa a sama, wadda kin sani. Ina da sunayensu na Latin, amma ban ga ya taɓa taimaka musu ba. Kainuwa ki riƙa rage ta duk mako, don in kin sake mata za ta rufe fuskar ruwan ta bar na ƙasa cikin duhu, tana kuma yin haka ne cikin kyau da ladabi. Kada ki firgita in mai zaren kaset ya zubar da tsofaffin ganyensa a makon farko. Ni na tumɓuke na farko na zubar, na ɗauka ya mutu, sai a kwandon shara na ga sabon toho a gindinsa. Wanda aka canja wa wuri yakan yi muni kafin ya yi kyau. Ke ma watakila watanki na farko a Bukuru haka zai kasance, kada ki yanke wa garin hukunci da wuri.

Yanzu ga inda kika shigo labarin, ko da yake ba ki san na sani ba.

Na ajiye akwatin a jikin tagar yamma, inda rana ke duka daga azahar har la'asar, saboda littafi ya ce tsiro na son haske. Kwana goma ruwan ya zama miyar kuka. Gansakuka ta rufe gilashi, ba a ganin komai. Na shiga yaƙi. Duk bayan kwana biyu in kwashe ruwan kaf, in kankare, in zuba sabo, kwana uku ya koma kore fiye da da. Na yi wata guda a haka, ina dawowa daga makaranta in tuɓe takalmi in ɗau tiyo. Sai aka tura ni Zariya duba takardun jarrabawa na mako biyu. Na tafi na bar shi, a raina na ce in na dawo zan mayar masa da kaset ɗinsa.

Na dawo na samu ruwa garau kamar babu ruwa. Mai zaren kaset ya yi 'ya'ya huɗu. Da safe wajen ƙarfe goma na durƙusa na ga abin da ban taɓa gani ba sai a zane: ƙananan ƙwayoyin iska jere a gefen ganye kamar tsakiyar ado, ɗaya ta saki ta hau sama, wata ta biyo. Na yi kusan awa a durƙushe. Na gaya wa kowa, har da 'yan ajina, cewa na gano sirrin: a ƙyale shi. Rabin gaskiya ke nan. A jikin gilashin ta wajen taga akwai tsohon zanena mai ruwan ƙasa an rataya da mataushin shanya biyu, irin na maƙale wanki a igiya. Na cire shi ban ko tambaya ba, sai Babanki ya ce, "Mayar. Rifkatu ce ta sa. Ta ce ciyawar na jin zafi da rana. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta taɓa gilashin da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓi, ta ɗebe ruwa kofi biyu ta zuba na randa."

Na mayar da zanen. Ban ce miki komai ba. A lokacin na ɗauka ba sai an faɗa ba.

To ga shawarar, kuma taki ce nake mayar miki: taga mai hasken safe, ba mai ranar yamma ba. In ruwa ya yi kore, a rage haske, kada a kwashe ruwa. In ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a makon farko, a bar shi, zai washe da kansa. Canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke zama cikin yashi suna gyara ruwan, kuma duk ranar da na yi babban wanki su nake kora, in zauna ina mamakin me ya sa gidan ba ya zama.

Bayan haka na ƙi sa kifi har mako shida, don tsoro. Daidai ne a jira mako uku ko huɗu, amma ni na wuce, kuma sauro bai jira ba. Lokacin ne sojoji suka kafa dokar share-share ta Asabar ɗin ƙarshen wata, duba-gari na bin gida-gida yana leƙa randa. Wani dogo mai gajeren wando ya shigo falonmu ya tsaya a gaban akwatin, ya sunkuya, ya ga 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil.

Ya ce, "Madam, wannan mene ne?"

Na ce akwatin kifi ne.

Ya ce, "Ina kifin?"

Na ce bai iso ba tukuna.

Ya ce, "Wato kududdufi kika gina a falo, kika sa masa labule."

Ban taɓa jin an kwatanta aikina daidai haka ba. Ya ba ni mako guda. Cikin gaggawa na karɓo 'yan karfasa biyu wajen masunta a bakin gada, kowace ba ta fi yatsa biyu ba. Sun cinye 'ya'yan sauron a wuni ɗaya, washegari suka shiga aikin gini. Suka tone yashi, suka tumɓuke duk abin da na shuka, suka tara tsakuwa a lungu ɗaya yadda suke so. Maman Terna ta zo ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, "Madam, wannan kifin tukunya ne o, ba na falo ba. Ba ni su, na san inda za su zauna lafiya." Ita ce ta kai ki rafi da tsohon gidan sauro, kuka kamo 'yan mitsi-mitsin nan masu ɗigon haske a ido, guda takwas, waɗanda ba sa girma su wuce gaɓar yatsa. Irinsu za ki nema. Kaɗan, ƙanana, na ruwan yankin da kike. Ban san ko rafukan Bukuru na da su ba, da sanyin nan nasu, kuma ina son in sani. Ki tambayi matan da ke wanki a bakin ruwa, sun fi littattafaina labari.

Ke kika riƙa ba su abinci, ɗan garin busasshen kifi a kan tsinken ashana, sau ɗaya a rana. Kin raɗa musu sunayen 'yan kwayar waƙa ta cocinmu, har da mai faɗin baki da kika ce ita ce mai jan waƙa. Wata uku suna lafiya.

Ranar da suka mutu Asabar ce ta share-share. Kin tafi gwajin waƙa da sassafe kafin a hana fita. Na share gida, na goge, na ga sauro ya yi yawa a bayan kujeru, na ɗauko famfon maganin sauro na fesa falon nan lungu-lungu, na rufe tagogi da ƙofa don ya kama sosai. Da aka buɗe hanya na tafi kasuwa. Na dawo da rana na same ki tsaye a gaban akwatin, gwangwanin abincinsu a hannunki, su takwas ɗin duk sun juya ciki sama. Kina ta cewa, "Mama, ban san me ya faru ba, yanzu na shigo." Na dubi gwangwanin, na dubi ruwan, na haɗa lissafina cikin daƙiƙa ɗaya kamar yadda na saba, na ce kin cika musu abinci. Kika ce ko buɗewa ba ki yi ba. Sai na faɗi maganar nan. Ban ɗaga murya ba, kin san ba na ɗagawa. Na ajiye kwandon cefane na ce, "Wasu hannuwan ba sa riƙe abu mai rai, Rifkatu. Ba laifinki ba ne." Har na ji daɗin yadda jimlar ta fita, da ɗan tausayinta a ƙarshe. Kika ajiye gwangwanin a kan tebur a hankali, kika shiga ɗaki. Shekararki goma sha shida.

Bayan wata biyu na sake kamo wasu, ni kaɗai. Wata ranar Lahadi da yamma Babanki ya ɗauki famfon nan ya fara fesawa a falo ina zaune ina duba littattafan ɗalibai. Bai kai minti goma ba na ga kifayen sun haukace, suna karo da gilashi, katantanwa na hawa sama suna neman fita. Na yi tsalle na jefa bargo a kan akwatin, na buɗe tagogi, na canja rabin ruwan. Biyu suka mutu, saura suka tsira. Ina tsaye da tiyo a hannu na tuna Asabar ɗin nan, da tagogin da na rufe da hannuna. Maganin da ke kashe sauro a iska yana sauka a kan ruwa. Wannan ma na taɓa koyar da shi, yana cikin darasin zango na biyu.

Ni na kashe kifayenki, Rifkatu. Gwangwanin da ke hannunki a rufe yake, kamar yadda kika faɗa.

Tun ranar na sani. Na ce zan gaya miki in kin gama jarrabawa, kada in dame ki. Sai na ce bayan Kirsimeti. Sai kika tafi kwaleji, na ce ai kin manta, yara na mantuwa. Amma ina ganin kujerar da kike zaɓa a teburin cin abinci. Na ga ranar da Maman Terna ta miƙo miki jikarta kika ce hannunki da manja, alhali babu. Mutum mai lura kamata ba zai ce bai gani ba. Abin da ya hana ni ba wani abu mai zurfi ba ne: ban saba tsayawa a gaban wanda na ba maki in ce ni ce na faɗi ba. Na gwammace ki ɗauki abin shekara biyar da in ɗauki kunyar minti biyar. Ki yafe mini. Ba sai kin amsa da wuri ba.

Shawarar da ke bin wannan guda biyu ce. Ta farko mai sauƙi: in za a fesa maganin sauro, a rufe akwatin da bargo mai kauri, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska, kuma ki gaya wa Danjuma tun kafin ya ɗauki famfo. Ta biyu ban iya ta ba, don haka ki karɓe ta a matsayin labari daga wadda ta faɗi. Ranar da wani abu zai lalace a gidanki, ki samu ɗanki tsaye kusa da shi, ki tambayi kanki abin da ke kika yi da safe kafin ki tambaye shi abin da ke hannunsa. In kuma jimla ta zo miki bakinki a shirye, mai kyau, mai daɗin faɗa, ki haɗiye ta. Irin waɗannan su suka fi daɗewa a jikin mutum.

Wasu abubuwan za su mutu a akwatinki duk da haka. Ganye zai ruɓe, wata safiya ki ga kifi ɗaya ya juya ba dalili. Ki tsame shi, ki duba ruwan, ki ci gaba. Jariri kuma ba kifi ba ne, yana da murya, zai gaya miki abin da ke damunsa da ƙarfin da maƙwabta ma za su ji. Abin da zai buƙata shi ne wadda za ta taɓa shi da bayan hannu ta gane zafi ya yi yawa tun kafin masu digiri su gane. Wannan kuwa na ga kin yi shi, da tsohon zane da mataushin shanya biyu, lokacin da ni nake ta yaƙi da tiyo.

In bayan duk wannan kin ga albasa ta fi, ki zuba albasa, gidanki ne. Sai dai kwalbar nan mai faɗin baki da zan miƙa miki a tasha in ce ki riƙe mini kada ta zube, ba tawa ba ce. Mai zaren kaset ne guda biyar, jikokin waɗanda kika ceta, da jelar kyanwa, da kainuwa biyu, da katantanwa ɗaya da ta shiga ba da izinina ba. Ki sassauta murfin ki ajiye a taga mai hasken safe, za su jira ki mako biyu. Lokacin da kike karanta wannan, kin riga kin riƙo su a cinyarki tun daga Kaduna har kan dutsen Filato, ki je ki duba, na san suna nan da ransu.

In kin shuka, ki durƙusa wajen ƙarfe goma na safe ki duba gefen ganyen. Ina son in ji ko a sanyin can ma suna sakin iskar, ko sai rana ta ƙara ɗagawa. Ki rubuto mini wannan ko da ba za ki rubuta komai a kan sauran ba.

Ki gaida Danjuma. Babanki bai san na rubuta ba, amma ya lura biro biyu sun ƙare. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya sa ku samu maƙwabta irin Maman Terna, ya ba ki barci mai daɗi a sabon wuri. Allah ya sauke ki lafiya, ya sa ina tsaye a wurin ranar da za a miƙo miki shi, in ga kin karɓa.

Ni ce,
Mamanki.